Makro ya ajiye abin da ban ce a ajiye ba

Lawali: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ku gafarce ni da na tado ku da daren nan, abin ne ya fi ƙarfina. Ni ke riƙe da lissafin shagon kawuna a kasuwar Dole, hatsi da wake da gyaɗa. Muna da fishiyen Excel na masu bashi: suna, gari, buhu nawa ko tiya nawa, abin da aka biya, abin da ya saura. A saman shafin akwai maɓallin da yayana ya saka kafin ya koma Agadas, wai in an latsa sai ya jera sunaye, ya cire waɗanda suka gama biya, ya bugo takarda. Ban taɓa latsa shi ba sai yau, da Alhaji ya ce yana son gajeriyar takarda saboda gobe Alhamis mutanen ƙauye za su shigo. Na latsa, takarda ta fito, na rufe. Allah shaida ne ban taɓa Enregistrer ba, wato maɓallin ajiyewa. Bayan isha'i na buɗe don in ƙara mutum biyu, sai na tarar layi 23 babu su. Kuma ba waɗanda suka biya ba ne. Har da wani mutumin Mirya da muke bi jika 48. Na danna Ctrl da Z har yatsana ya gaji, babu abin da ya dawo. Alhaji bai sani ba tukuna.

Ari: Wa alaikumus salam. Yaya Lawali, ni birus nake zargi. Ka san kilen USB ɗin nan da ke yawo daga wannan shagon buga takardu zuwa wancan. Ka sa a bincike ordinatar ɗin gaba ɗaya tukuna.

Injiniya Mamman: Lawali, kafin komai, kada ka sake latsa maɓallin, kada ma ka sake buɗe fishiyen. Shiga dosiyen da yake, ka kwafe shi yadda yake, ka manna kwafin a wani wuri, ka sa masa suna gwaji. Duk abin da za mu taɓa daga yanzu a jikin gwajin ne. Sannan tambaya ɗaya. Da ka zo rufewa, Excel ya tambaye ka ko a ajiye canje-canje ka ce a'a, ko kuwa shiru ya rufe?

Lawali: Na kwafe, Malam. Yanzu da kuka tambaya na tuna, bai tambaye ni komai ba. Rufewa kawai ya yi, ni kuma ban kawo komai a raina ba.

Injiniya Mamman: To ga bakin zaren. Excel ba ya rufe littafin da aka canza bai tambaya ba, sai in an riga an ajiye, ko kuma wani umarni ya rufe masa baki. Ari, ban ce birus ba ya shiga ta makro ba, wato jerin umarnin da maɓalli irin na Lawali ke kira. Yana shiga, shi ya sa ma tun 2022 Microsoft ke toshe makron fishiyen da aka sauko da shi daga intanet. Amma birus ba zai jera maka sunaye, ya bugo maka takarda mai kyau, sannan ya ɗebe layi 23 ba. Ruwa ba ya tsami banza. A wani wuri cikin fishiyen nan akwai layin da ke cewa a ajiye, kuma mutum ne ya sa shi, da saninsa ko ba da saninsa ba. Batun Ctrl da Z kuwa, ka huta. Da zarar makro ya taɓa shafi, tarihin komawa baya ya goge, balle kuma an rufe an sake buɗewa.

Hajiya Rakiya: Sannu ɗana, Allah ya yaye. Su Injiniya za su nemo maka dalili, ni sunayen ne suka dame ni. Yaushe rabon da fishiyen nan ya fita daga ordinatar ɗin? Ka taɓa sa shi a kile? Ka taɓa tura wa wani ta WhatsApp ko ta wasiƙar intanet? Kuma akwai kaye a shagon da ake rubutawa da hannu kafin a shigar? Shekaru na yi ina riƙe kuɗin mutane a biro, ban taɓa yarda lissafi ya kwana a wuri ɗaya ba. Ka zauna ka yi tunani a tsanake.

Lawali: Akwai kaye, Hajiya, yaron shago ke rubutawa da rana, ni kuma in shigar da yamma. Sai dai tsofaffin basukan tun na bara ba sa cikin wannan kayen. Batun turawa bari in duba waya.

Ari: Ai Excel na ajiyewa da kansa duk minti 10. Ko shi ne ya ajiye ɓarnar? In kuma shi ne, ba za a samu tsohon a wurinsa ba?

Falmata: Ari, abu biyu ne ake haɗawa, ni ma na daɗe ina haɗa su. Na minti 10 ɗin nan na ceto ne, Récupération automatique. Shi a wani lungu dabam yake ajiye nasa kwafin saboda ranar da kuran ya ɗauke ko ordinatar ta daskare, ba ya rubutu a kan fishiyenka na ainihi. In kuma an ajiye an rufe lafiya, Excel na share kwafin, don a ganinsa aiki ya ƙare. Ɗayan shi ne Enregistrement automatique, ɗan makunnin da ke can sama ta hagu a Microsoft 365. Wannan kam a kan fishiyen yake rubutawa, bayan ƴan daƙiƙoƙi kaɗan, amma sai in fishiyen na zaune a OneDrive ko SharePoint, wato ma'ajiyar Microsoft ta intanet. A biron da nake aiki ya taɓa yi mini irin ta Lawali. Na buɗe jerin ƙauyukan da muke raba wa iri, na goge wasu don in ga jimillar yankin Matamai kaɗai, da niyyar in rufe ban ajiye ba. Ashe tuni ya ajiye, har abokiyar aikina ta gani daga tata ordinatar. Abin da ya cece ni Historique des versions, wato tarihin ajiye-ajiyen baya, na koma na safiyar ranar na dawo da shi. Tun daga nan, in zan yi gwaji, Enregistrer une copie nake fara yi kafin in taɓa ko gida ɗaya. Lawali, naka a ina yake zaune?

Lawali: A cikin ordinatar kawai, Anti, dosiyen Documents. Excel 2016 ne, ba mu da OneDrive.

Falmata: To ba nawa ba ne ya same ka, kuma babu tarihin da za a koma. Sai hanyar Hajiya.

Injiniya Mamman: Mu je ga makron. Buɗe gwajin. In ka ga rawayen layi a sama mai Activer le contenu, kada ka taɓa shi. Ana iya karanta makro ba tare da an ba shi izinin gudu ba, kuma haka muke so. Danna Alt da F11, in ƙaramar ordinatar ce ta hannu wataƙila sai ka haɗa da Fn. Taga za ta buɗe, ta hagu za ka ga sunayen shafuka, da ThisWorkbook, da Module1. Buɗe Module1, ka danna Ctrl da F, ka nemi kalmar Save. Kada Turancin ya tsorata ka. Ko Excel ɗinka da Faransanci yake magana, yaren makro, wato VBA, da Turanci ake rubuta shi.

Lawali: Na gani! Can ƙasa, dab da End Sub, akwai ActiveWorkbook.Save. Sama da shi kaɗan kuma akwai Rows("40:62").Select, layin da ke bi masa Selection.Delete Shift:=xlUp.

Injiniya Mamman: Ƙirga daga 40 zuwa 62.

Lawali: 23 ne, Malam.

Injiniya Mamman: Ga mutanenka nan. Wannan makron ba rubuta shi aka yi ba, naɗarsa aka yi. Akwai maɓallin naɗa a Excel, in ka kunna shi duk abin da hannunka ya yi sai ya rubuta, kamar rikoda. Ranar da yayanka ya naɗa, ya jera mutane daga mai babban bashi zuwa ƙarami, waɗanda suka gama biya suka faɗo layi na 40 zuwa 62, ya goge su. Rikodar ba ta san dalili ba. Ba ta rubuta a goge wanda ya biya ba, ta rubuta a goge layi 40 zuwa 62, ko waye a wurin. Yau jerinku ya yi tsawo, masu matsakaicin bashi ne ke zaune a layukan. Duba takardar da ta fito, na tabbata waɗanda suka biya suna nan a ƙasanta. Shi kuwa Save, ina kyautata zaton hannu ne ya yi aikin da ya saba. Dukanmu nan garin ɗaukewar kuran ta koya mana danna Ctrl da S ba tare da mun sani ba. In ka danna shi rikoda na kunne, ActiveWorkbook.Save take rubutawa, kuma duk ranar da aka latsa maɓallin sai ya sake ajiyewa.

Lawali: Wallahi haka ne, ga su nan a ƙasan takardar, duk sifili a gabansu. Alhaji bai duba har ƙasa ba. In goge layin Save ɗin?

Injiniya Mamman: Kada ka goge, kashe shi za ka yi. Sa ɗan waƙafin sama a farkon layin, a allon rubutu irin namu na Faransa yana kan maɓallin 4. Layin zai koma kore, ma'ana Excel zai tsallake shi. Yi wa layukan Rows da Delete haka su ma. Amfaninsa, gobe in ana son ganin abin da ke wurin da, yana nan. Sai ka ajiye gwajin, ka rufe, ka buɗe, wannan karon ka ba shi izini. Rubuta kalma ɗaya a wani gida da babu komai, ka rufe, mu ga ko zai tambaya.

Malam Isufu: Kafin ya dawo, bari in sa baki, don kalmar ActiveWorkbook ɗin nan ta taɓa cin mini kwana biyu. Ni malamin lissafi ne a koleji, makin ɗalibai duk a Excel nake yi. ActiveWorkbook ba ya nufin littafin da makron ke ciki, yana nufin wanda ke gaban allo a daidai wannan lokacin. Wanda makron ke ciki shi ne ThisWorkbook. Nawa makron a ɓoyayyen littafin nan PERSONAL.XLSB yake, wanda ke buɗewa a ɓoye duk sanda aka kunna Excel, don haka kowane littafi na buɗe yana iya taɓa shi. Ranar na buɗe aji biyu tare, ina gwada canza nauyin jarrabawa a ɗaya don in ga yadda matsakaicin maki zai koma, na kira makron ina zaton ɗayan zai ajiye. Na gwajin ya ajiye. Sai da na bi takardun yara ɗaya bayan ɗaya. Don haka duk wanda ya bincika fishiyensa bai ga Save ba, ya duba ta hagun tagar ko akwai PERSONAL, nan ma ana ɓuya.

Hajiya Rakiya: Allah sarki Malam. Ni shawarata mai sauƙi ce, ba ta buƙatar Turanci. A Enregistrer sous, kusa da maɓallin ajiyewa akwai Outils, a ciki akwai Options générales. Akwai ɗan akwatin da ke cewa a riƙa yin kwafin ajiya. In ka sa masa alama, duk sanda aka ajiye, Excel zai bar na baya a gefe cikin dosiye ɗaya, sunansa na ƙarewa da xlk. A wurin nan kuma akwai Lecture seule recommandée, mai tambayar duk wanda ya buɗe ko karatu kawai ya zo yi. Na sa wa duk fishiyen da na bar wa wadda ta gaje ni.

Lawali: Jama'a, bai tambaya ba. Na rubuta kalmar gwaji a gidan H1, ban latsa maɓallin ba ma, na rufe, ya rufe shiru. Na buɗe, ga kalmar nan zaune.

Ari: Kun gani? Ni dai hankalina bai kwanta da batun birus ba.

Injiniya Mamman: Lawali, a tagar neman nan, ta ƙasa akwai zaɓi. A kan wanne ɗigon yake, Module en cours ko Projet en cours?

Lawali: Module en cours.

Injiniya Mamman: Ɗaki ɗaya muka share muka bar sauran gidan, ya kamata in faɗa maka tun farko. Mayar da shi Projet en cours ka sake neman Save, ka yi ta danna Suivant har ya ce ya gama. Bayan nan ka nemi Close, sannan OnTime, sannan DisplayAlerts.

Lawali: Ya kai ni cikin ThisWorkbook. Akwai wani abu mai suna Workbook_BeforeClose, layi ɗaya ne tak a cikinsa, ThisWorkbook.Save. Sauran kalmomin babu, sai Close ɗin da ke jikin sunan nan.

Injiniya Mamman: Alhamdu lillahi, wannan shi ne na biyu, kuma ya fi na farko haɗari, don ba ya jiran a latsa komai. Irinsu ba sa fitowa a jerin makro in ka danna Alt da F8, shi ya sa mutane ke rantsuwa babu makro a fishiyensu. Suna tashi ne da kansu idan wani abu ya faru: buɗewa, rufewa, ajiyewa, canza gida. Wannan nasa lokacin rufewa ne. Ko me ka yi a shafin, daidai ko kuskure, kana rufewa ya ajiye, shi ya sa Excel ba ya ganin abin tambaya. Shi ba naɗarsa aka yi ba, wani ne ya rubuta ko ya kwafo da gangan. Sa masa waƙafin shi ma. Hajiya, ku yi haƙuri in ƙara a kan maganarku, don shawara ce mai kyau amma a nan da ba ta cece shi ba. Shi xlk ajiya ɗaya kawai yake riƙewa, wadda ta gabata. Maɓalli ya ajiye sau ɗaya, xlk ya riƙe mai kyau. Rufewa ta ajiye na biyu, xlk ya koma mai ɓarna. Da ya buɗe bayan isha'i ya rufe, na uku ke nan.

Hajiya Rakiya: Wannan ban san shi ba, na gode. Zan kira yarinyar nan gobe in gaya mata kada ta dogara da shi shi kaɗai.

Ari: Malam, me ya sa kuka ce a nemi OnTime da DisplayAlerts? Kuma wani abokina a Jami'ar André Salifou ya nuna mini dabara, wai a sa ThisWorkbook.Saved = True a wurin rufewa, sai ya daina ajiyewa. Ko kuma a sa Cancel = True cikin Workbook_BeforeSave, a hana ajiyewa kwata-kwata. Ba shi ke nan an huta ba?

Injiniya Mamman: OnTime agogo ne, ana sa shi ya kira makro bayan wasu mintuna, wasu na amfani da shi don a riƙa ajiyewa a kai a kai. In yana nan, sai ka ga fishiye na ajiye kansa kana zaune ba ka taɓa komai ba. Close kuma saboda ana rubuta shi da SaveChanges:=True, rufewa da ajiyewa a numfashi ɗaya. DisplayAlerts = False shi ne rufe bakin da na ambata. In an haɗa shi da SaveAs, kuma akwai fishiye mai wannan sunan, Excel ba zai tambaya ko a danne shi ba, dannewa zai yi. Dabarar abokinka kuwa, ka lura da harafin d ɗin nan na ƙarshe. Save umarni ne, a ajiye. Saved kuma alama ce kawai, kana gaya wa Excel wai an riga an ajiye alhali ba a ajiye ba. Zai rufe shiru, aikin yini ya tafi. Yana da amfani a fishiyen da kallo kawai ake yi, misali mai AUJOURDHUI a ciki, wanda ke sa Excel tambayar a ajiye ko ba ka taɓa komai ba, saboda yana sake lissafin kwanan wata duk buɗewa. A littafin bashi ba na so.

Hajiya Rakiya: Na biyun ma ba na so, Ari. Littafin da ake shigar da kuɗi kullum a ce an hana shi ajiyewa? Garin neman gira ke nan a rasa ido. Yaro ya shigar da biyan mutum goma, kuran ya ɗauke, babu ondilar mai riƙe wa ordinatar wuta, me za a ce wa mutane? Ba ajiyewa ce matsalar ba. Matsalar a ajiye ba a tambayi mai shi ba, sai kuma maɓallin da ke goge mutum daga littafin bashi. Ni ko wanda ya gama biya ba na goge shi. Wata rana zai dawo ya ce an karɓi kuɗinsa sau biyu, da me za ka nuna masa?

Ari: Na fahimta, Hajiya. To a mayar da shi xlsx mana, tunda shi ba ya ɗaukar makro.

Injiniya Mamman: Nan kam ka yi daidai, tun Excel 2007 aka raba su, xlsm ke ɗaukar makro, xlsx ba ya ɗauka. In Lawali ya ga ba ya buƙatar maɓallin, wannan ce hanya mafi tsabta. Kuma gaskiya aikin da maɓallin ke yi matatar Excel ce ke yinsa, wato Filtrer. Données, Filtrer, a ginshiƙin abin da ya saura ka cire alamar sifili, ka buga, ka mayar. Ɓoyewa take yi, ba ta gogewa.

Lawali: Hajiya, Allah ya saka muku da alheri. Na samu! Ranar 1 ga wata na tura wa yayana fishiyen ta WhatsApp don ya ga inda aka kwana, yana nan cikin hirarmu. Na buɗe a waya, ga mutumin Mirya, ga sauran. Hannuna rawa yake yi.

Falmata: Alhamdu lillahi. A waya ka kalla son ranka, makro ba ya gudu a Excel na waya. Amma in ka kai shi ordinatar, kada ka ba shi izini, don shi ma yana ɗauke da Save ɗin nan biyu.

Hajiya Rakiya: Kuma kada ka mayar da shi littafin aiki haka nan, ɗana, ya tsufa da kwanaki. Layukan da suka ɓata kawai za ka ɗebo ka zuba a na yanzu, sannan ka bi kaye daga ranar 1 zuwa yau ka ga wanda ya biya wani abu a tsakani. Ka haɗa jimilla ka gwada da ta kayen. Kuma da safe ka gaya wa Alhaji da bakinka kafin a buɗe shago, ka karɓe takardar jiya daga hannunsa, kada ya yi aiki da ita.

Lawali: In sha Allah. Na kira Yaya yanzu, na tashe shi daga barci. Ya ce shi bai taɓa latsa maɓallin a littafin ainihi ba, kwafi yake yi duk ƙarshen wata, kuma sai ya shiga ya canza lambobin layin da hannu kafin ya latsa. Shaf ya manta bai gaya mini ba. Na rufewar kuma shi ya sa, wai akwai yaron da ya riƙa danna Ne pas enregistrer bisa kuskure ana asarar aikin yini. Na cikin maɓallin kuwa bai ma san yana nan ba.

Malam Isufu: Niyyarsa mai kyau ce. Ni yanzu duk makron da na yi, layin farko kore ne, da Hausa, ina faɗin abin da yake yi da abin da yake taɓawa, saboda wanda zai gaji fishiyen.

Injiniya Mamman: Lawali, in Alhaji ya saba da maɓalli yana son a bar shi, ga abin da za ka sa a matsayin layin farko na makron, kafin ya taɓa komai:
ThisWorkbook.SaveCopyAs ThisWorkbook.Path & "\ajiya_" & Format(Now, "yyyymmdd_hhnnss") & ".xlsm"
SaveCopyAs na fitar da kwafin littafin yadda yake a wannan daƙiƙar, ya ajiye shi gefe da kwanan wata da lokaci a sunansa, bai taɓa na ainihi ba, kuma kwafin yau ba ya danne na jiya. Ka rubuta yyyy yadda na rubuta. Na san a cikin shafi, da TEXTE, aaaa muke sawa don shekara, amma a cikin makro yyyy ne. In kana son ganin yadda makro ke tafiya, sa alamar rubutu a cikinsa ka riƙa danna F8, layi ɗaya yake gudu duk dannawa, kana kallon shafin yana canzawa. Sauran aikin, na sa matatar Excel a madadin gogewa, kada ka yi shi da daren nan da gajiya, kar a yi gyaran gangar Auzinawa. Ka kawo ordinatar ɗin ranar Asabar bayan la'asar, ina gida.

Lawali: Barkanmu da yamma ƴan zaure, ga yadda aka kwana. Na gaya wa Alhaji bayan asuba. Ya yi shiru, sannan ya ce in zauna in gyara, shi zai riƙe shago da kaye har in gama. Mutum 21 na ɗebo daga na WhatsApp, biyun sababbi ne, bayan ranar 1 suka ci bashi, a kaye na same su. Huɗu daga cikin 21 sun rage wani abu a tsakani, na gyara. Da farko jimillar ta bambanta da jika 3, na bi sau biyu, ashe buhun wake ɗaya ne aka rubuta da farashin makon da ya wuce. Yanzu ta yi daidai. Na rubuta kalma a H1 na rufe, ya tambaye ni, na ce a'a, na buɗe babu ita. Takardar yau da matatar Excel na bugo ta. Mutumin Mirya ya zo wajen azahar ya ba da jika 20, na shigar a gabansa.

Hajiya Rakiya: Madalla. Kafin ka tashi daga shago, sa na yau a kile, ka kuma tura wa yayanka.

Lawali: Na tura, Hajiya, kilen kuma yana aljihuna. Malam Mamman, ranar Asabar in zo da na'urar bugawar ma, ko ordinatar kaɗai ta isa?

Injiniya Mamman: Ordinatar da cajarta sun isa. Ka taho da kayen.